Kunne Ma Sai Da Horo

Ƙannena na Kwanyawa, da 'yan uwanku na Turawa da Yammedi da Tudun Kaya, har zuwa Rogo da Zarewa, maganar kiɗa na zo da ita, kuma na san wasu dattawa za su ce na rasa abin da zan yi wa yara nasiha a kai sai wannan. To ai abin da yaro ke yini da shi, shi ya fi cancanta a yi masa magana a kansa. Waƙoƙin da ke cikin wayar ɗayanku a yau sun fi waɗanda kakansa ya ji tun daga ranar suna har ranar da aka kai shi makwanci. Ka miƙa wa mai caji memori, ya zuba maka har ya cika: Hamisu Breaker kusa da Bob Marley, Ado Gwanja a bayan Burna Boy, ga na Indiya, ga wasu na Turawa da ko sunan masu su ba a rubuta ba. Yawan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ba kwa ji. Waƙa ta fara, mawaƙi bai gama gyaran murya ba, yatsa ya riga ya danna ta gaba. Wadda ta yi sa'a a tsaya a ji amshinta, shi ma don an ga ana rawarsa a TikTok ne.

Hukuncin kiɗa a addini kuwa, malamai sun daɗe suna tattauna shi, kuma ba fagena ba ne. Wanda ya bar shi don tsoron Allah, Allah ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, ba da shi nake ba. Da kai nake, kai da iyafis ke maƙale a kunnenka yanzu haka. Tunda dai za ka ji, to ka iya ji.

Zan ɗauki kundin waƙa guda in yi muku darasi da shi, kuma da gangan na zaɓo wanda ya yi nisa da mu. A watan Disamba na 1980 wasu samari huɗu 'yan Landan, masu ƙungiyar The Clash, suka fitar da kundi mai suna Sandinista!, sunan 'yan juyin juya halin da suka kifar da gwamnatin Somoza a Nikaragua a 1979. Faya-fayan garmaho uku ne a jaka ɗaya, waƙa 36, kuma jin sa kaf yana cin kusan awa biyu da rabi. Asalin samarin nan 'yan rok ne, irin mai zafin nan na matasan da zaman kashe wando ya fusata: jita mai ƙara, ganga mai gudu, murya kamar ana faɗa. Amma Paul Simonon, mai kaɗa musu bes, a Brixton ya tashi, unguwar da 'yan Jamaika suka yi kaka-gida a kudancin Landan, don haka rege ya shiga kunnensa tun yana ƙarami. Tun a faifansu na farko a 1977 sun maimaita wata waƙar Junior Murvin, mutumin Jamaika. Da suka je birnin New York a 1980, sai suka tarar da wani sabon abu yana tashe a unguwannin baƙar fata: yara na jero magana da sauri a kan kiɗan da ke ta zagayawa, abin da yanzu muke ce wa gambarar zamani, wato hip-hop. Suka tsaya suka sa kunne. Suka kuma ɗauko Mikey Dread, gwanin rege daga Jamaika, suka shiga situdiyo tare da shi. Abin da ya fito shi ne rok da rege da fonk da hip-hop a kundi ɗaya.

In aka kunna wa wanda kunnensa bai horu ba, hayaniya kawai zai ji, ya ce kiɗan Turawa ne. To bari in nuna muku yadda ake warware zaren. Ba ya buƙatar Turanci, ƙirge kawai yake buƙata. Ka ɗora tafin hannu a cinya, ka bi kiɗan kana cewa ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka sake komawa ɗaya.

A rok, ƙaramar ganga mai kaifin amo tana faɗowa ne kan biyu da huɗu, nan ne ma jama'a ke tafi, jita kuma ta cika sauran wurin da ruri. Wannan shi ne mai sauƙi. Fonk kuwa, wanda James Brown ya yi wa gata a Amurka, dokarsa ɗaya ce: nauyi duka kan bugun farko. Kowane makaɗi na iya tafiya yawonsa, amma dole a haɗu a kan ɗaya. A fonk jita ba ta rera komai, karce take yi, masu busa su yi gajeriyar tsawa su yi shiru, bes ya riƙa tsalle. Kowane kayan kiɗa ya koma ganga. Rege sai ya yi akasin haka. A salon da Carlton Barrett, mai gangar Bob Marley, ya shahara da shi, bugun farko fayau ake barin sa, babu kowa a wurin. Ganga sai a kan uku take faɗuwa, jita ta yi ɗan sara gajere a tsakani, bes kuma, a hannun yayansa Aston Barrett, shi ke ɗauke da ainihin waƙar a can ƙasa inda ƙirji ke ji kafin kunne. Shi ya sa in rege na tashi sai ka ji jikinka ya kwanta baya, ba ka gaggawa. Hip-hop shi kuma ya ɗauki ɗan guntun kiɗa ya sa shi zagaye ba canji, ya bar wa harshe aikin sauye-sauye: inda mai magana ya ja numfashi, inda ya tsallake bugu, inda ya jero gaɓa biyar a wurin da ake zaton biyu.

Kun ga inda gizo ke saƙar ke nan. Fonk yana rububin ɗaya, rege yana gudun ɗaya. Rok yana son cika ko'ina, rege da fonk kuwa da gurbin da aka bari suke rayuwa. Ta yaya za a zaunar da su wuri guda? Ku 'ya'yan manoma ne, kun san amsar tun kafin a tambaye ku. Gona ɗaya takan ɗauki gero da dawa da wake, amma ba watsa su ake yi a rami ɗaya ba. Kowanne da layinsa, da tazararsa, da lokacin shukarsa. Gero ya riga, a girbe shi, dawa ta samu sarari, wake ya bi ƙasa ya ci hasken da aka bar masa. Wanda bai san halin kowane iri ba, in ya ce zai gauraya, sai su shaƙe juna ya tashi a tutar babu. Makaɗin da ya iya gauraye shi ne wanda ya san kowane salo shi kaɗai tukuna, har ya san wanda zai yi shiru a wane bugu.

Ku nemi waƙar da ta buɗe kundin, The Magnificent Seven, ku gwada. Karo na farko kada ku bi murya sam, ku bi bes kawai. Wani baƙo ne ya kaɗa shi, Norman Watt-Roy, kuma fonk ne tsantsa: layi ɗaya yana kewayawa, yana dawowa kan ɗaya ba fashi. Karo na biyu ku bi muryar Joe Strummer, mawaƙin ƙungiyar. Ba rerawa yake ba, jero magana yake irin ta yaran New York, a kan rayuwar ɗan ƙwadago: agogo ya tashe shi, ya ruga wurin aiki, ya sayar da yininsa don ya sayi abin da masu talla suka ce masa ya saya. Karo na uku ku haɗa su, ku lura jita ba ta yi rurin da ta saba ba, ta ja baya ta ba su wuri. Ɗan rok ya danne halinsa ke nan don waƙa ta yi kyau. An fitar da kiɗan waƙar nan ba murya, har gidan rediyon WBLS na baƙar fatan New York ya riƙa saka shi. Masu abu sun ji sun karɓa, kuma wannan shaida ta fi yabon kowace jarida.

Daga nan ku je ga One More Time, kuma kada ku taɓa wayar in ta ƙare, domin wadda ke biye da ita, One More Dub, ita ce dai aka tuɓe. Wannan dabara ce ta Jamaika da su King Tubby da Lee Perry suka haɓaka: mai haɗa sauti ya zauna gaban na'ura, ya cire murya, ya bar ganga da bes tsirara, ya jefo guntun jita ya bar shi yana amsa-kuwwa har ya ɓace. Wanda ya ji ta farko sannan ya ji ta biyu, an buɗe masa cikin waƙar ya ga ƙasusuwanta. Wanda kuwa mai caji ya tura wa ta biyun ita kaɗai, tsakanin waƙar biki da ta siyasa, cewa zai yi memorinsa ya lalace. Dalilin da ya sa nake ce muku ku riƙa neman kundi cikakke ke nan, a jere yadda masu shi suka tsara. Jerin ma magana ne.

Akwai kuma Washington Bullets, mai kiɗa sanyi-sanyi da za ka zaci ta shagali ce, alhali lissafin ta'asa ake yi a cikinta: hannun Amurka a Chile da Kuba da Nikaragua, sannan ba a ƙyale Rasha ba a kan Afganistan, ba a ƙyale Sin ba a kan Tibet. Murya mai daɗi da magana mai ɗaci ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi yana jin habaicin matan gida.

Kada ku ce na ce kundin ba shi da aibu. Ya yi tsawo, kuma tun fitowarsa masu sharhi suka faɗi haka. A ganina wajen kashi ɗaya cikin uku gwaje-gwaje ne da ya kamata su tsaya a situdiyo, musamman can wajen ƙarshe, inda har yara ƙanana aka sa suka rera wata tsohuwar waƙar ƙungiyar. Kai ma kana da damar ka ce wannan ba ta yi ba. Amma sai ka ji tukuna, ka kuma iya faɗin dalili. “Ba ta yi min ba” hukuncin kowa ne. “Bes ɗin ya danne murya, kuma amshin ya zo da wuri” hukuncin mai kunne ne. Abu ɗaya dai da ya sa nake girmama samarin nan: sun dage a sayar da faya-fayan uku da araha, kusa da kuɗin guda, har suka yafe kasonsu na kwafi 200,000 na farko a Ingila, don yaron da ba shi da kuɗi da yawa ya iya saya.

Salon nan huɗu ba bare ba ne ga juna, shi ya sa suke haɗuwa. Wanda ake danganta farkon hip-hop gare shi, DJ Kool Herc, haifaffen Kingston ne, ya tashi yana ganin manyan sifikun da ake girkawa a titunan Jamaika. Ranar 11 ga Agusta 1973 ya yi kiɗa a wani ɗan biki a unguwar Bronx, kuma abin da ya shahara da shi shi ne ɗaukar faifan fonk ya riƙa maimaita gurbin da ganga ke kaɗawa ita kaɗai. Ɗan Jamaika, da faifan fonk, a Amurka. Bugun da Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, ya yi a Funky Drummer ta 1970, an ɗora waƙoƙin gambara a kansa fiye da a ƙirga. A shekarar ce kuma James Brown ya zo Legas, lokacin da Fela da mai gangarsa Tony Allen ke ƙera nasu salon. In aka ƙara tonawa, masana sun nuna banjo na Amurka daga kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma ya samo asali, dangin gurmi da molo, waɗanda bayi suka ƙetare teku da iliminsu a ka. Sai dai kada wannan ya sa ku bugun ƙirji kuna cewa ai duk namu ne. Jikokin bayin nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna gina abinsu cikin wahalar da ba mu sha tare da su ba. Dangi ne, a gaisa da mutunci.

Yanzu mu dawo gida, domin a nan maganar tawa take. Kunnen da ya san kiɗan gidansu shi ke saurin gane na waje. Ku saka Mamman Shata, mutumin Musawa da ya yi zama a Bakori da Funtuwa, nan kusa da mu, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Ku yi masa irin sauraron da muka yi ɗazu. Ƙaramar ganga na riƙe da lokaci ba ta gezau, kalangai na magana suna hawa da sauka, 'yan amshi na dawo da layi guda, shi kuma yana zuba magana a kai, ya tsaya inda ba ka zata ba, ya faɗo inda ba ka shirya ba. Ban ce daga Shata hip-hop ya fito ba, amma tsarin ginin ɗaya ne, kuma wanda ya iya bin Shata ba zai ɓata a waƙar gambara ba. Ku saka Barmani Coge ku ji yadda ƙwaryar da aka kifa a ruwa ke ba da amo mai zurfi, busassun kuma na ba da mai kaifi: ga bes ga ƙaramar ganga, a tsakar gida. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tal ta kuntigi yake riƙe lokaci ya kuma yi wa kansa amshi. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, kuma da yawanku ba ku taɓa jin waƙar ɗayansu daga farko har ƙarshe ba.

Gauraye ma ba yau muka fara ba. Bala Miller ya yi shi da manyan kayan busa yana rera Hausa. Sa'adu Bori na Maraɗi ya kwashi kiɗan bori ya ɗora a kan jita da bes da gangunan zamani, har kaset ɗinsa ya game Kano. Kundin Niamey Twice da suka yi da Moussa Poussy ya fito a 1994, shi kuma ya rasu a haɗarin mota a 2008. Ku tambayi kawunnanku, za su ba ku labarin yadda aka yi rawarsa.

A shekarar da Sa'adu ya rasu, wani saurayi Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya harhaɗa ta da wayar burkin keke. A situdiyon Sakkwato aka sa wa muryarsa na'urar nan mai lanƙwasa murya da gangar inji irin ta waƙoƙin finafinanmu, wato shi ma daga wurinmu ya ara. Waƙoƙin suka bi memori da blutut daga waya zuwa waya har Mali da Muritaniya, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya ya shiga neman mai ita. A 2021 Mdou Moctar ya fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador na Amurka, kuma yau ana lissafa shi cikin gwanayen jitar rok na duniya. Kun ga memori ba abokin gaba ba ne. Bombino na Agadas, a kundinsa Azel na 2016, ya auri jitar Buzaye da rege, a 2018 kuma Deran ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar kyautar Grammy. Amma in ɗaya kawai za ku nema, ku nemi Kaani na Tal National, ƙungiyar Yamai da Almeida ke jagoranta, mutumin da alƙali ne da rana, makaɗin jita da dare. Ya fito a 2013. Suna rera Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, jita biyu na tsere da gudun da zai sa ɗan rok ya jinjina, kalangu kuma na tsakiya yana ba da umarni, ba ado aka sa shi ba. A nan ƙirgen ɗaya zuwa huɗu zai so ya kuɓuce muku, domin kowane bugu an raba shi uku, irin tafiyar kiɗan da kuka saba ji a dandali. Ƙafarku za ta gane kafin kanku.

Abin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne halin da waƙarmu ta zamani ke ciki. Tun ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ke zama ya fitar da ganga da sarewa da goge daga akwati ɗaya. Ba raini nake ba. Waƙar fim ɗin Sangaya ta girgiza ƙasar Hausa, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya tattara waƙoƙin finafinanmu a kundin Harafin So don masu saye a Turai da Amurka. Salo ne namu, da tambarinsa. Amma sauƙin ya haifi lalaci. A jikin fiyano akwai maɓallin rege, akwai na fonk, akwai na rok. Yaro ya danna ɗaya, ya liƙa amon kalangu na inji a kai, ya ce ya haɗa gargajiya da zamani. Wannan ba gauraye ba ne, jingina ce. Ga gwaji mai sauƙi da za ku yi wa kowace waƙa: a zuci ku cire kalangun. In waƙar ta tsaya yadda take, to dama ba ya aikin komai. Ku cire bes daga The Magnificent Seven, ko kalangu daga Kaani, ku ga ko wani abu zai rage. Irin wannan gwajin za ku yi wa su Classiq da Morell da DJ AB in Arewa24 ta sako su, kuma za ku tarar wasu waƙoƙinsu sun ci jarrabawa, wasu sun faɗi. Haka ake yi wa mawaƙi adalci, ba da soyayya ko ƙiyayya ta jumla ba.

Saura maganar abin da ake faɗa. Kada bakinka ya riƙa rera abin da za ka ji kunyar fassara wa mahaifiyarka. In Turancin ya fi ƙarfinka, ka tambayi wanda ya iya, ko malamin makarantarku. A cikin gambarar Amurka akwai mai faɗakarwa a kan zalunci, akwai kuma wadda ba komai a cikinta sai zagin mata da kirarin bindiga. Rege ya zo da kukan talaka, amma ya zo da aƙidar Rasta da ke ɗaukaka Sarki Haile Selassie zuwa matsayin da Musulmi ba zai yarda da shi ba, ya kuma zo da wiwi. Kana iya yaba aikin Aston Barrett ba tare da ka ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun ba. Masu ce muku sai an sha hayaƙi ake jin rege, su duba Majek Fashek. Mutumin nan na birnin Benin ya haɗa rege da jitar rok da gangunan gida, Prisoner of Conscience ya fito a 1988 ya game ƙasa, a 1991 kamfanin Interscope na Amurka ya fitar masa da Spirit of Love. A 2015 sai da aka kai shi cibiyar farfaɗo da masu shaye-shaye a Abuja, ya rasu a 2020. Baiwar tasa ce, Allah ya ba shi. Shaye-shayen bai ƙara mata komai ba.

Kunnen kansa ma amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda ƙure ƙara. In na kusa da kai yana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinka, ka rage. Ka cire shi in ka hau babur a hanyar Karaye zuwa Rogo, ka cire shi in babba na yi maka magana, in ladan ya ɗaga murya kuwa ba sai an gaya maka ba.

Na san a cikinku akwai masu littafin waƙa a ƙarƙashin katifa, suna tara kuɗin zuwa situdiyo a Kano. Kafin ku tafi, ku zagaya gida tukuna. Har yanzu akwai mai gangar noma da ake kira in za a yi gayya, akwai mai kalangun mahauta ranar kasuwa, akwai masu kiɗan dambe bayan kaka, akwai tsofaffin mata da suka san waƙoƙin daka da na niƙa waɗanda inji ya kusa shafewa, ga masunta a bakin dam ɗin Challawa. Ku je da ladabi, ku gaishe su, ku nemi izini kafin ku ɗaga waya, ku kuma ba da goro mai kauri. Ku roƙi makaɗi ya kaɗa muku take ɗaya a hankali, ya gaya muku na wane ne da abin da gangar ke cewa, domin kowane take da maganarsa. Ku zauna da abin da kuka ɗauka ku ƙirga shi, ku gano inda nauyinsa yake da inda ya bar gurbi. Sai a lokacin za ku san ko bes ɗin rege zai zauna a ƙarƙashinsa, ko na fonk, ko kuwa babu wanda zai zauna, a bar shi yadda yake.

In ranar ɗauka ta zo, ku tafi da makaɗin kansa, kada ku yarda a danna muku maɓalli a madadinsa. Kuɗin motarsa daga Karaye da abincinsa da sallamarsa su shiga lissafi tun kafin kuɗin situdiyo. In waƙar ta fito kuma a ambaci sunansa da garinsu. A nan kada ku yi koyi da The Clash: Norman Watt-Roy ne ya kaɗa bes ɗin da ya riƙe waƙarsu, amma a wurin da ake rubuta masu waƙa, sunan ƙungiyar kaɗai aka sa.